Ƙofar da Ta Daina Tambaya

Saƙon kawuna ya iske ni a Sakkwato a rubuce, a kan takardar da aka yago daga littafin 'yan makaranta, a hannun wani direban motar haya mai jigila tsakanin Sakkwato da Gusau. A watan Satumbar 2021 ne, kwanaki kaɗan bayan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta umarci kamfanonin waya su rufe layukansu a faɗin Jihar Zamfara saboda farmakin da ake kai wa 'yan bindiga. Umarnin ya fita ranar 3 ga wata, aka ce na mako biyu ne. Gusau ba ta sake ganin sabis ba sai farkon Oktoba, sauran garuruwa kuwa sai da Nuwamba ya kusa ƙarewa. A tsakanin nan mutane suka koma wa wasiƙa da ɗan aike kamar zamanin kakanninsu, wanda kuma ya matsu da yin waya sai ya shiga mota ya ƙetare iyakar jiha.

Wasiƙar layi huɗu ce. Gaisuwa, sai labarin cewa kwamfutar ƙungiya ta ƙi buɗewa, sai roƙon in zo da gaggawa. Layi na ƙarshe shi ne ya sa na nemi izini a wurin aiki washegari: mutane sun fara magana.

Kawuna tsohon malamin firamare ne. Da ya yi ritaya ya koma gonarsa ta shinkafa a filin noman rani na Bakolori, kuma saboda yana da rubutu mai kyau da haƙurin lissafi, manoman layinsu suka naɗa shi sakataren ƙungiyarsu. Ga wanda bai san wurin ba, Bakolori madatsar ruwa ce a kan Gulbin Sakkwato kusa da Maradun. Kamfanin Impresit na Italiya ne ya gina ta, aka kammala a 1978. Tana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, an kuma tsara ta domin ta shayar da hekta 23,000 a ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun. Kaso mafi girma na filin an shirya shi ne a kan injunan fesa ruwa, waɗanda suka tsaya tun da daɗewa. Abin da ya rayu shi ne ɓangaren da ruwa ke gangarawa da kansa, daga babbar magudana zuwa ƙanana, kowace da ƙofarta ta ƙarfe. A irin wannan noma, sanin wa ke da wane fili, a kan wace magudana, nawa ya biya, nawa ake bin sa, shi ne rabin aikin. Tun da shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya ɗora nauyi a kan ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, rajistar sakatare ta ƙara daraja.

Rajistar kawuna tana cikin wata tsohuwar kwamfutar tebur da wani ɗan garin ya ba ƙungiyar kyauta. Ni na ɗora mata Linux Mint shekara biyu kafin nan, bayan na gaji da share ƙwayoyin cutar da filas ɗin shagunan buga takardu ke zuba mata. Saboda haka ina da hannu a cikin lamarin tun farko. Akwai littafin rajista na takarda, amma ruwan Agusta ya bi ta rufin ofishin ya jiƙe shi, shafukan kuɗi suka manne, tawada ta malale. Kuɗin da manoma suka tara domin sayen taki a dunƙule kafin rani, wanda ya ba da kaza da wanda ya ba da rabi, babu inda lissafinsa ya rage cikakke sai a cikin na'urar. Littafi ya jiƙe, na'ura ta kulle, duka a hannun mutum ɗaya, cikin wata ɗaya. Ko ni ne manomin, da na ɗaga gira.

Na iske shi ya rame. Kasuwannin mako an rufe su a lokacin, an kuma hana sayar da fetur a jarka, don haka man da aka samo wa janareta kaɗan ne ƙwarai. Ma'aji ya ce zai kai mu awa biyu in ba a kunna fanka ba. Dattawa huɗu suka zauna a kan benci, wani yaro da ke taya su buga takardu ya tsaya a bakin ƙofa. Kawu ya ce, “Ɗana, yadda ka bar mini ita haka nika buɗe ta kullum. Ban sake komai ba.”

Aikin jarida ya koya mini cewa idan mutum ya ƙi amsa tambaya, yadda ya ƙi yana ɗauke da labari. Wanda ya ce ba zai yi magana ba dabam, wanda ya ce bai sani ba dabam, wanda ya kashe waya dabam. Kwamfuta ma haka take, kuma yawancin ɓata lokacin da ake yi a gaban allon shiga yana zuwa ne daga ɗaukar kowane ƙi a matsayin abu ɗaya.

Ƙi na farko shi ne wanda kowa ya sani: ka rubuta kalmar sirri, na'ura ta ɗan yi jim, sannan ta ce ba daidai ba ce. Wannan jim ɗin da gangan aka sa shi, kimanin daƙiƙa biyu, domin a wahalar da mai gwada kalmomi ɗaya bayan ɗaya. Idan ka ga haka, duba madannin Caps Lock, duba Num Lock, duba ko tsarin haruffan madannai ya sauya daga na Amurka zuwa na Ingila ko na Faransa, inda wasu alamomi ke canza mazauni. Ƙi na biyu ya fi ruɗarwa: na'ura ta karɓi kalmar, allo ya yi duhu kamar za a shiga, sai ta maido ka inda ka fara. A nan an riga an yarda da kai, abin da ya gagara shi ne shimfiɗa maka wurin zama, kuma galibi ko dai rumbun ajiya ne ya cika maƙil, ko kuwa wani ƙaramin fayil a cikin babban fayil ɗinka ya koma mallakar wani mai amfani. Na zo da zaton ɗayan biyun nan zan tarar.

Abin da na gani ya saɓa musu duka. Sunan kawu yana kan allo, amma ƙin yana zuwa nan take, babu jim, babu duhu. Sai na danna Ctrl da Alt da F2 tare. A kusan kowace kwamfutar Linux wannan yana ɗauke ka daga allon hotuna zuwa wani baƙin allo na rubutu zalla, wanda ke da tasa ƙofar shiga. Amfanin gwada shi shi ne rarrabewa: idan wannan ƙofa ta buɗe, matsalar tana ga manhajar allon hotuna kaɗai. Na rubuta sunan kawu, na danna Enter, ina jiran a tambaye ni kalmar sirri. Ba a tambaya ba. Wani layi ya gifta mai cewa PAM Failure, aborting, sannan allon ya koma neman suna.

Na ce wa dattawan, tun ban san sauran labarin ba, cewa kalmar sirrin kawu ba ita ce matsalar ba, domin na'urar ba ta ma kai ga duba ta. Ma'aji ya ce, “To mi ya hana ta dubawa?”

Amsar tana buƙatar ɗan tarihi. Kalmar sirri a kwamfuta ta samo asali ne daga farkon shekarun 1960, a tsarin CTSS na jami'ar MIT a Amurka, ƙarƙashin Fernando Corbató, lokacin da mutane da yawa suka fara raba na'ura ɗaya. A tsarin Unix, wanda Linux ya gaji fasalinsa, an daɗe kowace manhaja mai buƙatar sanin ko wane ne kai tana yin binciken da kanta: mai shigar da kai ta allo, mai ba ka ikon shugaba na ɗan lokaci, mai karɓar ka daga nesa, kowace tana buɗe fayil ɗin kalmomin sirri ta duba. Idan ma'aikata ta so ta sauya hanya, a ce ta koma katin shaida ko rajista guda ta tsakiya, sai an sake rubuta kowace manhaja. A 1995 injiniyoyin kamfanin Sun Microsystems suka kawo mafita, wadda Vipin Samar da Roland Schemers suka rubuta a wata takarda ta watan Oktoban shekarar. Suka ce a cire hukuncin daga hannun manhajoji gaba ɗaya. Manhaja ta tsaya a matsayin mai tsaron ƙofa kawai. Idan baƙo ya zo, ta miƙa maganarsa ga wani sashe na dabam, shi kuma ya buɗe takardar ƙa'ida ya ga waɗanne gwaje-gwaje aka ce a yi, a wane jeri, da abin da za a yi idan ɗaya ya faɗi. Wannan sashe shi ne PAM. Ya shiga Linux ta hannun Red Hat a 1996, kuma yau kusan duk wanda ya shiga kwamfutar Linux ta hannunsa ya bi, ko ya sani ko bai sani ba.

Takardun ƙa'idar suna zaune a wuri ɗaya, /etc/pam.d, kowace ƙofa da takardarta. Tambayoyi huɗu suke amsawa: kai ne wanda ka ce kai ne, an yarda ka shiga yanzu ko asusunka ya ƙare, yaya za a sauya kalmar sirri, da me za a tanadar maka bayan ka shiga. A gidan Debian, wanda Ubuntu ya fito daga cikinsa, Linux Mint kuma daga Ubuntu, an ga bai kamata a maimaita ƙa'ida ɗaya a takardu goma ba, sai aka tattara amsar tambaya ta farko a fayil guda mai suna common-auth, sauran takardu suna nuni zuwa gare shi. Tsari ne mai kyau, amma yana nufin igiya ɗaya ce ke ɗaure da ƙofofin gidan duka. Da na ga allon hotuna da baƙin allo sun ƙi tare, kuma ba tare da tambaya ba, zatona ya tafi can.

Sai dai zato ba hujja ba ne, kuma ina waje. A nan ne rashin intanet ya fara cizo. A Sakkwato da na ɗauko waya na nemi layin kuskuren, cikin minti biyar in ga wanda ya taɓa faɗawa ramin. A Talata Mafara ranar nan babu abin da nake da shi sai abin da ke kaina da abin da na'urar ta ajiye a cikinta.

Na sake kunna ta ina riƙe da madannin Shift, har jerin zaɓin farawa ya bayyana. Daga nan akwai layin da ke kai ka ga abin da suka kira recovery mode, yanayin gyara, a cikinsa kuma akwai zaɓin root, wato shiga a matsayin mai cikakken iko. Wannan hanya ba ta bi ta PAM, shi ya sa take aiki ranar da sauran suka mutu. Na ba da umarnin mount -o remount,rw / domin a ba ni damar yin rubutu a rumbun, sannan, kafin in taɓa komai, na buɗe kundin da na'urar ke rubuta duk wani shige da fice, /var/log/auth.log. Ina ba duk mai gyara shawarar ya fara da karatu kafin gyara. Masu gyaran kwamfuta da yawa a garuruwanmu, da zarar sun ga ta ƙi buɗewa, sai su ce a yi mata fomatin. Da kawu ya kai ta shago, da an dawo masa da ita tana buɗewa sumul, babu rajista a ciki, kuma babu abin da zai wanke shi har ya mutu.

Kundin bai ɓoye komai ba. Kowane yunƙurin shiga na kwanakin nan ya bar layuka iri ɗaya: PAM ya nemi common-auth, ya kasa buɗe shi, ya dakatar da komai. Na lissafa abin da ke cikin /etc/pam.d. Ga common-account, ga common-password, ga common-session. Wurin common-auth wayam.

Fayil ba ya tashi da kansa. Na koma baya a kundin, har cikin na makon da ya gabata, auth.log.1. Duk umarnin da aka bayar da sudo, wato da aron ikon shugaba, ana rubuta shi a nan da ranarsa da lokacinsa. Ga shi kuwa, layi ɗaya: an share /etc/pam.d/common-auth, da asusun kawu, ranar Juma'a da la'asar. Na duba agogon na'urar na gwada da na hannuna, domin tsofaffin kwamfutoci kan rikita lokaci idan ƙaramin batirin cikinsu ya mutu. Sun yi daidai. Na karanta ranar da ƙarfi. Shugaban ƙungiya ya yi shiru, sannan ya ce ai ranar nan tare suka tafi ta'aziyya Bakura da Malam, ba su dawo ba sai bayan magariba.

Ban juya na kalli bakin ƙofa ba, amma kowa ya juya.

Yaron ɗan sakandare ne. An rufe makarantun jihar a farkon watan, bayan sace ɗalibai a Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun, sai ya riƙa zuwa ofishin yana buga musu sunaye. Ya san kalmar sirrin domin kawu da kansa yake karanta masa ita. Da ya samu bakin magana, abin da ya faɗa ya kashe mini jiki. Idon Malam ya yi rauni, in ji shi, kullum sai ya gwada sau uku ko huɗu kafin ta buɗe, mutane na tsaye suna kallo. Ya taɓa karantawa cewa a wannan fayil ne ake tambayar kalmar sirri. Sai ya yi tunanin in ya cire shi, na'urar za ta daina tambaya, Malam ya huta. Ta kuwa daina tambaya. Da ya ga abin da ya faru ya so ya gyara, sai ya tarar sudo ma ya mutu, domin shi ma a kan wannan fayil ya dogara. Ya kulle ɗaki da makullin a ciki. Da akwai sabis, ina kyautata zaton da ya nemo gyaran a daren nan, babu wanda zai taɓa sani. Babu, sai ya kashe na'urar ya yi shiru, yana ji ana cin naman Malam a majalisa.

Tunanin yaron ba na wauta ba ne, kuma wannan ne abin da ya fi tsaya mini a rai. A rayuwar da ya sani, idan mai gadi ya tashi, ƙofa a buɗe take. Shingen hanya da babu jami'i a kansa wucewa ake yi. Ya auna na'ura da wannan ma'auni, ita kuwa an gina ta a kan akasinsa. A 1975 Jerome Saltzer da Michael Schroeder suka wallafa wata maƙala a kan kare bayanai a kwamfuta, wadda har yau ake koyar da ita, a ciki suka jera ƙa'idoji, ɗaya daga cikinsu tana cewa asalin hali ya zama hani, izini kuma ya zama abin da sai an bayar da shi a fili. Dalilinsu mai sauƙi ne. Idan tsari ya lalace ta hanyar hana mai haƙƙi, nan da nan za a ji kuka a gyara. Idan ya lalace ta hanyar barin kowa ya shiga, babu mai kawo ƙara, sai ranar da ɓarna ta bayyana.

Ina ƙoƙarin fassara wannan ga dattawan, ina ta kewaye-kewaye, kawu ya katse ni. Ya ce ai wanga abu sun san shi. Mai buɗe ƙofar ruwa a magudana da jadawali yake aiki: yau layin wane, gobe layin wane. Ranar da jadawalin ya ɓace, mai hankali ba ya buɗe wa kowa, ko da mai gonar yana tsaye a gabansa ya san shi ya san ubansa, domin ruwan da aka saki ba ya komawa dam. Sai a nemo takarda tukuna. Na yi shekaru ina amfani da Linux, ban taɓa jin bayanin da ya kai wannan ba.

Gyaran bai kai minti uku ba, kuma bai buƙaci intanet ba. A gidan Debian akwai umarni mai suna pam-auth-update, wanda shi ne tun asali yake haɗa fayilolin common ɗin nan daga samfurin da ke ajiye a cikin na'urar. Na ba da shi tare da --force, domin ya sake rubuta su daga tushe. Ya nuna jerin hanyoyin tantancewa, na tabbatar akwai alama a kan Unix authentication, wato kalmar sirri ta gargajiya, na amince. Sannan na buɗe sabon fayil ɗin domin in gani da idona, na kuma kira yaron ya matso. Idan aka cire bayanan gefe, zuciyarsa layi uku ce. Na farko yana kiran pam_unix, mai gwada kalmar sirri, tare da sharaɗin cewa in ta yi daidai a tsallake layi ɗaya. Na biyu pam_deny ne, wanda ba shi da aiki sai ƙi. Na uku pam_permit, mai cewa a wuce. Ma'ana, hanyar da aka shimfiɗa wa kowa tana ƙarewa ne a kan ƙi, kalmar sirri daidai kuwa tsallake ɗaya take saya maka. Yaron ya daɗe yana kallon layukan.

Wanda zai gamu da irin wannan a tasa na'urar ya lura da bambanci ɗaya. Idan takardar ƙofa guda ce ta ɓace, a ce ta lightdm mai kula da allon hotuna, PAM yana komawa ga wata takardar ko-ta-kwana mai suna other. A Debian da 'ya'yansa wannan takarda tana nuni ga ƙa'idojin gama-gari, don haka sau da yawa za a shiga. A Fedora ƙi ne zalla a cikinta, sai ka ga allon hotuna ya ƙi alhali baƙin allo yana karɓa. Kuma a Debian sake ɗora manhajar kaɗai ba ya maido da irin wannan takarda, domin tsarin yana ɗaukar cewa mai na'ura ya share ta ne da niyya. Sai an ƙara masa zaɓin force-confmiss. Na taɓa ɓata yini guda kafin in gane wannan.

Muka sake kunnawa. Kawu ya zauna, ya gyara tabarau, ya rubuta kalmar da yatsa ɗaya. Ya kuskure. Na'urar ta yi jim na daƙiƙa biyu ta ce ba daidai ba, ni kuwa ban taɓa jin daɗin ganin wannan saƙo kamar ranar ba. A karo na biyu ta buɗe. Ma'aji ya jawo benci, aka fara karanta sunaye da kuɗi, yana bi da 'yar takardarsa ta aljihu.

Mafi tsufa a cikin dattawan bai ce komai ba tun da aka fara. Sai da aka yi nisa a karatun ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, ita wagga na'ura ko ba komai ta rubuta abin da ya faru. Ya ce lokacin da aka baje gonakinsu domin aikin dam, an tumɓuke itatuwan da suke gane iyaka da su, aka daidaita ƙasa ta zama shimfiɗa ɗaya. Ya san gonarsa, maƙwabtansa sun san tasa ce, amma da aka zo rabo da biyan diyya takarda ake dubawa, takardar kuwa ba ta san shi ba. Abin da ya biyo baya yana cikin tarihi: manoma suka tare hanyoyin aikin suna neman diyya da filayensu, ranar 28 ga Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Adadin da gwamnati ta bayar bai kai talatin ba. Wasu ƙididdigar sun haura ɗari uku. Ba na son in matsa kwatancen, domin fayil da aka share da rayukan da aka rasa ba su hau mizani ɗaya ba. Amma na fahimci abin da ya sa mutanen da ke kan bencin nan ba sa ɗaukar ɓacewar rajista da wasa, da abin da ya sa zargi ya yi saurin kama kawuna. A wurin nan an taɓa gaya wa mutane cewa takarda ba ta nuna ba, kuma babu wani kundi da za su buɗe su ga wa ya taɓa ta, yaushe.

Shugaban ƙungiya ne ya yi tambayar da na yi fatan ba za a yi ba. Ya ce, in ni na shiga ta baya ba da kalmar sirri ba, ashe kowa ma zai iya? Na ce masa haka ne. Duk wanda ya zauna a gaban na'urar, ya san hanyar, zai kai ga fayilolin, sai fa in an rufe rumbun gaba ɗaya da sirri tun wajen ɗora tsarin. Kalmar shiga tana tsare ka daga mai wucewa da mai karambani, kwaɗon ƙofar ofis shi ke tsare ka daga ɓarawo. Suka tambaya ko in rufe rumbun. Na ba su shawarar kada a yi, kuma har yau ina kan ra'ayina: a ofishin da kwafi ɗaya ne tak, mai riƙe da kalmar kuma dattijo ne mai raunin ido, haɗarin su kulle kansu har abada ya fi haɗarin wani ya saci jerin masu bashin taki. Da rumbun a rufe yake kuma kalmarsa ta ɓace, da babu yanayin gyaran da zai cece mu. A ofishin lauya ko na ɗan jarida mai ɓoye majiyarsa, da akasin haka zan faɗa.

Aka so a yi wa yaron faɗa, kawu ya hana. Ya ce wanda ya yi kuskure garin tausayinsa ba za a tozarta shi a gabansa ba, amma shirun da ya yi na kwanaki, wannan za su yi maganarsa su biyu. Na nuna wa yaron inda ake yin abin da ya so yi tun farko: a saitin allon shiga akwai wurin da ake zaɓar mai amfani ɗaya a ce na'ura ta shigar da shi kai tsaye idan an kunna. Wannan ma ta hannun PAM yake bi, da tasa takardar mai cewa a bar wane ya wuce. Izini ne rubutacce. Kawu ya ce a bar masa kalmarsa, a dai rage mata tsawo, a kuma ƙara girman haruffan allo.

Da sauran man janareta muka kwafe rajistar a filas biyu, ɗaya wurin ma'aji, ɗaya wurin shugaba, muka buga ta a takarda har firinta ta fara fitar da shafuka fari-fari. Shafi uku na ƙarshe yaron ne ya kwafe su da biro daga allo, yana sauri, kawu na karanta masa lambobin, har janareta ya yi tari sau biyu ya mutu.